Me ya karya min taf a cikin rami, kuma wane iri ya kamata in saya?

"Salam Oga. Ni yaron gareji ne a Agege, muna gyaran janareta da keke napep, wani lokacin har ƙananan motoci. Na sayi taf M8 guda uku a kwali ɗaya, ni na ɗauka duk abu ɗaya ne, in ɗaya ya lalace a ɗauko wani. Jiya bol ɗin salansa ya karye a jikin kan janareta, na huda shi da bit 6, na ɗauko taf ɗaya na sa, ina cikin murɗawa sai ji na yi ƙas, ya karye a ciki. Maigidana ya ce taf ɗin ne jabu. Dan Allah meye bambancinsu, kuma wanne zan saya tunda na ga akwai masu murɗaɗɗen jiki akwai masu ruwan gwal?"

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka. Tambaya biyu ka haɗa a saƙo ɗaya, meye bambancin taf ukun nan na cikin kwali, wato abin da muke yanka haƙoran da bol ke kamawa a cikin rami da shi, da sauran da kake gani a kasuwa, sannan me ya karya naka. Bari in fara da ta biyun tunda ita ce ta hana ka barci, kuma amsar ma kai ka rubuto ta da hannunka. Bit 6 ɗin nan ne.

Maigidanka bai faɗi ƙarya ba, jabun taf na nan birjik a kasuwa, akwai wanda za ka goga masa fayil ka ga fayil ɗin na cinsa. Amma ko taf ɗin da ya fi kowanne tsada a Legas ka sa a wannan ramin, ƙarshenta ƙas ɗin nan dai za ka ji. M8 na yau da kullum, bol mai kaurin milimita 8 ke nan, tazarar tiredinsa, haƙoran nan na jikinsa, 1.25 ce, wato daga kan wannan haƙori zuwa kan na gaba milimita 1.25. Lissafin da muke yi a shago ba wuya, kaurin bol ka cire tazara. 8 a cire 1.25 saura 6.75, shi ya sa bit ɗinsa 6.8 ne. Ɗauko notin M8 sabo ka auna cikinsa da baniya, ma'aunin nan mai baki biyu, za ka samu tsakanin 6.6 da 6.9. Toh ka ga ramin da ka huda bai kai ko cikin noti ba, ma'ana ba tiredi kaɗai ka sa taf ɗin yankawa ba, ka tilasta masa ya faɗaɗa ramin ma, kuma ba a yi shi don wannan ba.

Sannan ga ragowar bol ɗin da ke maƙale a bangon ramin. Bol ɗin salansa ya sha wuta ya sha tsatsa, kan janareta kuma alminiyam ne mai laushi, in hujinka ya ɗan kauce daga tsakiya ko da kaɗan ne toh gefe ɗaya na taf na cin ƙarfe mai tauri, ɗaya gefen na cin alminiyam, dole ya riƙa karkata zuwa inda ya fi laushi. Shi kuma taf an gasa shi ya yi tauri sosai don ya iya yanka ƙarfe, abin da ya yi tauri haka ba ya lanƙwasa, karyewa yake.

Ni a aikina in aka kawo min taf a karye, ban cika fara zargin kasuwa ba. Abin da nake dubawa shi ne rami ya yi ƙanƙanta, ko taf ya shiga a karkace, ko ya taɓo ƙasan rami aka ci gaba da murɗawa, ko kuma wanda ya fi yawa, ɓarɓashin ƙarfen da yake yankowa ya rasa hanyar fita ya cushe. Riƙe wannan na ƙarshen da kyau, domin duk nau'o'in taf ɗin nan da suka rikita ka, kusan bambancinsu ke nan: ina ɓarɓashi zai bi. Wani gaba yake tura shi, wani baya yake jawo shi, wani tara shi yake a jikinsa sai ka fito da shi ka kakkaɓe, wani ma ba ya yin ɓarɓashin sam. In babu hanya toh gosulon Apapa ke nan, na gaba bai motsa ba na baya na ta dannowa.

Ukun nan na cikin kwali ba safayar juna ba ne

Jera su a kan benci ka dubi bakinsu. Na farko bakinsa dogo ne a fiƙe, an zaftare masa haƙora kamar 7 zuwa 10, shi ya sa yake shiga rami cikin sauƙi ya daidaita kansa, kuma kowane haƙori ɗan kaɗan yake ci, aikin ya rarrabu. Na biyu haƙora 3 zuwa 5 aka zaftare. Na uku kusan a datse yake, haƙori ɗaya ko biyu kawai, shi aikinsa ya kai tiredi har gindin ramin da bai ɓulle ba. Kar ka dogara da sunan da mai shago ya kira su da shi, wani abin da yake kira na biyu wani na uku yake nufi, kai dai ƙirga haƙoran bakin.

In ramin ya ɓulle ta ɗaya gefen, kamar a jikin faranti ko angul ayon, na farkon kaɗai ya ishe ka, ka murɗa shi har fiƙaƙƙen bakin ya wuce gaba ɗaya. In ramin toshe yake kamar naka na kan janareta, sai ka bi su a jere, ɗaya, biyu, uku, kana fito da kowanne kana hure ramin. Fara rami da na uku kuwa neman magana ne, haƙora biyu ka ɗora wa aikin haƙora goma, kuma ba shi da bakin da zai tsaya a miƙe. Ina zargin ma shi ka ɗauko, tunda ka ce ɗaya ka zara kawai. Duba kwalin ka ga wanne ne babu.

Akwai wani irin set kuma da ya kamata ka sani, yawanci na Turai, wanda za ka ga zobe a wuyan taf ɗin. Na farko zobe ɗaya, na biyu zobe biyu, na uku babu zobe. Waɗannan ba bakinsu kaɗai ya bambanta ba, kaurinsu ma ya bambanta, na farko da na biyu ba sa yanka tiredi ya kai cikakken zurfi. Dan haka ko ramin ya ɓulle dole sai ka ƙarasa da mara zoben, in ba haka ba bol ba zai shiga ba, ka zauna kana zagin bol alhali ba laifinsa. Irin wannan set ɗin yana da daɗin aiki a ƙarfe mai tauri da sitenles saboda ya raba wahalar gida uku.

Na inji, waɗanda ka gani masu murɗaɗɗen jiki

Akwai wanda kwararon jikinsa a miƙe yake kamar na hannu amma in ka dubi bakin za ka ga an yi masa wata yanka a karkace, masu sayarwa na ce masa gon taf. Wannan yankar ita ke tura ɓarɓashi gaba ya fice ta ƙasan rami. Tunda ba a jikinsa ɓarɓashin ke taruwa ba, kwararonsa ba zurfi, jikinsa ya fi kauri, ya fi sauran wuyar karyewa. Ba ya buƙatar ka riƙa komawa da baya, murɗawa kawai har ya wuce. An yi shi don inji ne amma da hannu ma yana yi lafiya lau, kuma in ka tambaye ni, a ramin da ya ɓulle babu kamarsa, ni shi nake fara miƙa wa hannu in ana aikin biraket ko filanji ko bodin mota. Sai dai ka sa shi a rami toshe ka gani, zai tura ɓarɓashin ƙasa ya danne shi ya dunƙule, ya hau kai ya tsaya cak.

Mai murɗaɗɗen jiki irin na bit shi ne kishiyarsa. Yana jawo ɓarɓashi sama, za ka gan shi yana fitowa dogo dogo a nannaɗe ta bakin rami. Shi ne na rami toshe, musamman a alminiyam da ƙarfe mai laushi da sitenles, irin ƙarafan da ɓarɓashinsu ba ya gutsurewa da kansa. Masu murɗa sosai, wajen digiri 35 zuwa 40, na ƙarfe mai laushi ne, masu ɗan murɗa kaɗan kamar digiri 15 na mai tauri. Rauninsa shi ne jikinsa siriri ne, duk cikinsu shi ya fi saurin karyewa in hannu ya karkata, dan haka M6 zuwa ƙasa sai da lallaɓawa. Kuma kar ka ɓata kuɗinka ka saya don ƙarfen kas, wato ƙarfen zubi. Kas gari yake yi in ana yanka shi, babu wani dogon ɓarɓashi da za a jawo, taf mai miƙaƙƙen kwararo na yau da kullum shi ne daidai da shi, haka ma tagulla mai gautsi.

Sai wanda ba ya yanka ko kaɗan. In ka gan shi za ka ce kamfani ya manta bai yi masa kwararo ba, kamar bol mai tauri kawai. Shi matse ƙarfen yake yana tura shi ya tashi ya zama haƙora, babu ɓarɓashi, tiredinsa sumul kuma da ƙwari. Yana son alminiyam, jan ƙarfe da ƙarfe mai laushi, ba ya yi a kas. Raminsa ya fi girma, M8 wajen 7.4 ake hudawa ba 6.8 ba, kuma yana son mai sosai da inji mai ƙarfi. Na masana'anta ne, irin na wajen Ikeja da Agbara masu fitar da kaya dubbai iri ɗaya. A gareji ba ka buƙatarsa, na faɗa maka ne don in ka tsince shi cikin kayan tokumbo kar ka sa shi a ramin 6.8.

Kafin ka zaɓi taf, san tiredin tukuna

Nan ne yaran gareji suka fi faɗawa rami. A bakinmu in an ce bol 10 ko bol 12 ko bol 14, sifanar da ke kama kansa ake nufi, ba kaurin tiredinsa ba. Bol 10 M6 ne. Bol 12 na motocin Japan da bol 13 na Turai duk M8 ne. Bol 14 da bol 17 yawanci M10 ne, amma ba lalle tazararsu ɗaya ba, na Japan ya fi zuwa da 1.25 na Turai 1.5. In ka je Ladipo, kasuwar kayan mota, ka ce a ba ka taf M10 kawai, 1.5 za a miƙo maka, ka zo ka zura a ramin Toyota mai 1.25 ka tashi tiredin gaba ɗaya. Fulogin mota da na janareta da yawa M14 ne tazara 1.25, alhali M14 na yau da kullum tazararsa 2 ce. Bol ɗin taya na Toyota da Honda M12 tazara 1.5, na Nissan 1.25, na yau da kullum kuma 1.75. Ka ga M12 kaɗai kala uku ke nan.

Ga kuma na inci. Wani Bature ɗan Ingila, Joseph Whitworth, shi ya fito da tsarin tiredi na bai ɗaya a 1841, haƙorinsa digiri 55, shi ne BSW da za ka samu a tsofaffin injinan Ingila irin su Lister na da. Amurka da Ingila da Kanada suka haɗu a 1949 suka yi UNC da UNF masu digiri 60, su ne a jikin kayan Amurka, tsofaffin manyan motocin Mack ɗin da ke jigila a Apapa da Ijora cike suke da su. Na milimita shi ma digiri 60 ne. Wanda ya fi yaudara shi ne 5/16 UNC da M8, a ido ba ka banbance su, kaurin wancan 7.9 ne, amma tazararsa wajen 1.4 ce, zai shiga zagaye biyu ya cije, mai ƙarfin hannu sai ya ce tsatsa ce ya ƙara sifana. Haka rabin inci, BSW haƙora 12 ne a inci ɗaya UNC kuma 13. Maganin duk wannan ɗan ma'aunin tiredi ne mai ganye ganye, kuɗinsa bai kai na taf ɗaya mai kyau ba. In babu shi a kusa, haɗa tsohon bol ɗin da taf haƙori cikin haƙori ka ɗaga su sama ka duba ta haske, in haske na wucewa ta wani wuri ba nasa ba ne.

Na fayif duniyarsa daban. Sunan ba kaurin ba ne, rabin inci na BSP, tsarin tiredin fayif na Ingila, kaurin tiredinsa ya kusa milimita 21, bit 19 ake huda masa. Aikin famfo da injin jan ruwa a nan ƙasar BSP ne ya fi yawa, kayan Amurka kuma NPT. Kwata inci BSP haƙora 19 NPT 18. Rabin inci kuwa dukkansu 14 ne, shi ya sa suke hawa juna kamar gaske, amma BSP digiri 55 NPT 60, sai an sa iska ko ruwa ka ji yana tsiyaya, a yi ta nannaɗa farin tef a banza. Wasu taf ɗin fayif ɗin jikinsu na ƙara kauri a hankali daga baki zuwa sama, don in an ɗaure ya toshe kansa. Irin wannan ba a zura shi duka, kana yi kana fito da shi kana gwada abin da za ka ɗaura, in ka zarce ramin ya yi faɗi, kuma ba a dawo da shi. A kwamfiresa da tankin iska na tirela wannan ba abin wasa ba ne.

Akwai na hagu, za ka ga LH a jikinsa, irin na bol ɗin tayar ɓangaren hagu a wasu manyan motoci, ana buga musu L a kai. Akwai masu dogon wuya na shiga lungu, akwai na yanka noti. Waɗannan sai aiki ya kawo su ake saya.

Maganar ruwan gwal

Ruwan gwal ɗin nan wani siririn shafi ne mai tauri da ake yi wa taf don ya rage gogayya ya daɗe, amfaninsa ya fi fitowa a inji mai gudu inda zafi ke tashi. Da hannu ba za ka ga wani bambancin kirki ba. Kuma shafi ba ya gyara ƙarfen banza, 'yan jabu sun gane muna son kalar shi ya sa komai yanzu ruwan gwal ne. Abin dubawa rubutun wuyansa ne. Taf na ƙwarai za ka ga an rubuta girma da tazara da irin ƙarfen, misali M8x1.25 HSS 6H, rubutu tsaf, haƙoransa sumul suna ƙyalli ba kaushi, gindinsa mai kusurwa huɗu a daidaice. HSS shi ne na aikin yau da kullum. HSS-E ko HSS-Co an haɗa masa kobal, shi ne na sitenles da ƙarfe mai tauri. Wanda ba a rubuta masa komai ba, irin na babban akwati mai guda arba'in a farashin banza, bar shi a wanke tsohon tiredi da ya yi datti, kar ka yanka sabo da shi a ƙarfe. Na kabayid kuma na injin kwamfuta ne, a hannu ko faɗuwa ƙasa ya yi ya tafi.

Ni na fi yarda da tsohon Dormer ko Presto ko Yamawa na gaske da za ka tsinta a wajen masu kayan aiki na tokumbo a Owode Onirin ko Ladipo, a kan sabo fil mai kwali mai kyau da ba a san asalinsa ba. Sai dai ka duba haƙoran bakin, in sun dakushe suna ƙyalli a kaifin ko ɗaya ya ɓantare ka ajiye musu kayansu. Dakusasshen taf ma yana cikin masu karyewa, saboda sai ka ƙara ƙarfi kafin ya ci.

Yadda hannu zai yi

Bit ɗin da za ka haddace ba su da yawa: M5 4.2, M6 5, M8 6.8, M10 mai 1.5 8.5, M10 mai 1.25 8.8, M12 mai 1.75 10.2. In ba ka samu daidai ba gara ka ɗan haura kaɗan da ka gaza, M8 a ramin 7 zai riƙe lafiya a yawancin aiki in ramin na da zurfi, amma a 6.5 wahala za ka sha. Rami toshe ka huda shi ya ɗan fi inda bol zai tsaya zurfi, ka auna zurfin, ka naɗa tef a jikin taf daidai wurin don ka san inda za ka tsaya. Ka ɗan share bakin ramin da babban bit kafin ka fara. A alminiyam ka so tiredi ya kai zurfin kaurin bol sau biyu, a ƙarfe sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya wadatar.

Mariƙin taf mai hannu biyu za ka sa, ba sifana ba, ba filaya ba. Sifana gefe ɗaya take ja, tana murɗawa tana lanƙwasawa a lokaci guda. Zagaye biyun farko su ne komai, ka tsaya ka duba ta gaba ka duba ta gefe, in akwai sukwaya ka ɗora. In kuna da injin huji na tsaye, ka ɗaure taf a bakinsa, wuta a kashe, ka juya da hannu ya kama a miƙe sannan ka kwance ka ƙarasa da mariƙi, wannan ko NEPA ta ɗauke yana yi. Da taf na hannu kana yin rabin zagaye gaba sai ka ɗan dawo baya har ka ji ɗan ƙaras, ɓarɓashin ne ya gutsure. Kuma ka saurari yatsunka, akwai lokacin da za ka ji mariƙi na juyawa amma bakin taf bai motsa ba, yana ɗan dawowa da kansa in ka saki. Jikinsa ne ke murɗewa. Da ka ji haka tsaya, fito da shi, hure ramin, sa mai.

Mai kuma ya danganta da ƙarfe. Alminiyam kananzir, in ba haka ba yana liƙewa a haƙoran taf ya yage tiredin. Ƙarfe man yanka na gaske in akwai, in babu man giya mai kauri ko sabon man inji ya fi babu, amma ba baƙin mai da aka juye daga mota ba. Kas a bushe ake yinsa. Sitenles yana son mai mai kauri da taf mai kaifi, kuma ba ya son a riƙa goga shi ba a ci, nan take wurin yake ƙara tauri. In kana gyaran ramin fulogi kan inji na ɗaure, cika kwararon taf da giris ya kama ɓarɓashin kar ya zuba cikin silinda. Bol mai lamba 10.9 ko 12.9, ko ƙarfen sifirin, ko wurin da aka yi walda ya huce da sauri, waɗannan taf na hannu ba ya son su, wani lokacin gaskiyar magana ita ce ba aikin gareji ba ne.

Abu ɗaya da ya shafi mu mazauna Legas, iskar nan mai gishiri da damina mai tsawo. Taf ɗin da zai shekara a Kano ba abin da ya same shi, a nan in ka bar shi a buɗe sai ka tarar bakinsa ya yi ja, kuma kaifin ne ke fara ci. Goge shi ka shafa mai ka mayar kwalinsa, kar ka zuba su a gwangwani ɗaya da bit da fayil suna karo da juna.

Toh yanzu wanda ke cikin ramin fa

Ban ga kan janaretan da idona ba, dan haka abin da zan faɗa ya danganta da inda ya karye. Abu ɗaya dai tabbas ne, kar ka sa bit na yau da kullum a kansa, taurinsu ɗaya, bit ɗin zai zame ya faɗa cikin alminiyam ya ɓata ramin. In guntun ya ɗan leƙo waje ko yana daidai da baki, hure ɓarɓashin, jiƙa shi da kananzir, ka gwada juya shi baya da ɗan fonci siriri a hankali ta kwararon, kana ɗan kai shi gaba da baya. Akwai kuma abin cirewa mai yatsu da ke shiga kwararon. In ya ƙi, mai walda mai natsuwa zai iya ɗora wasa, zoben nan na ƙarƙashin noti, da noti a kan guntun ya ɗiga walda ta tsakiya, waldar ba ta kama alminiyam, zafin kuma na taimakawa ya saki, a bari ya huce sannan a juya.

In ya karye can ciki, akwai dabarar alif ɗin nan da ake sa wa ruwa ya kwanta. Ruwansa mai kauri da zafi yana cin ƙarfe ya bar alminiyam, sai dai yana ɗaukar lokaci, wani sa'in kwanaki, kuma kar ka tsoma kan injin duka a ciki domin mazaunin bawul da sauran ƙarafan jikinsa su ma zai ci su, ramin kaɗai za ka tare ka riƙa zubawa kana sabuntawa. Hanya mafi tsafta ita ce wajen masu injin da ke ƙona ƙarfe da tartsatsin lantarki, wasu manyan shagunan tanin na da shi, amma kan ƙaramin janareta sai ku yi lissafi da maigida ko kuɗin aikin bai kai na wani kan ba.

In Allah ya sa ya fito, da wuya tiredin asali ya tsira, kuma sake zura taf M8 a ramin da ya riga ya cinye ba ya dawo da naman da ya tafi. Helicoil za ka sa, wata nannaɗaɗɗiyar waya ce kamar sifirin da ake zurawa a ramin ta zama sabon tiredi. Kit ɗin M8 na zuwa da bit ɗinsa wajen 8.3 da taf nasa na musamman wanda ya fi M8 kauri amma tazararsa 1.25 ɗin ce, taf na yau da kullum ba ya maye gurbinsa. A alminiyam gyaran Helicoil yakan fi tiredin asali riƙo. Buɗe ramin zuwa M10 shi ma hanya ce in akwai nama a gefe, amma a bakin salansa wurin yakan yi siriri, ka duba da kyau.

Sayayya kuma, da irin aikinku na janareta da keke da ƙananan motoci, ba ka buƙatar babban akwati. Set mai uku na HSS a M6 da M8, M10 kala biyu 1.25 da 1.5, gon taf na M6 da M8 don aikin faranti, kit ɗin Helicoil na M6 da M8 da na fulogi, mariƙi ƙarami da babba, ma'aunin tiredi, sai bit 5 da 6.8 da 8.5 da 8.8 waɗanda za ka ɓoye ba ka ba kowa aro. Mai murɗaɗɗen jiki ka bari sai hannunka ya zauna. Ranar da za ka mayar da salansar, sa sabon bol, ka shafa masa giris ɗin nan mai ruwan jan ƙarfe da ke jure zafi, ka fara ɗaura shi da yatsu zagaye uku ko huɗu kafin sifana ta taɓa shi.